Za a kwance tsohuwar gadar garinmu: wane sashe za mu ceta, kuma yaya za mu nuna shi ga jama'a?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin makaranta da ke ɗaya daga cikin garuruwan bakin Gulbin Rima. Ya ce an fara gina sabuwar gada dab da tsohuwar gadar ƙarfe ta garinsu, wadda aka yi tun zamanin Turawa, kuma labari ya iso musu cewa da zarar an buɗe sabuwar za a kwance tsohuwar. Bisa bayaninsa, ƙarafan gefenta a sarƙe suke cikin juna, an ɗaure su da ƙusoshi masu kumburarren kai, ginshiƙanta kuma na kankare ne. Shi da wasu dattawan garin suna so su ceci wani sashe nata su ajiye a inda jama'a za su riƙa gani, don haka yake tambaya ko hakan zai yiwu, wane sashe ya kamata su nema, kuma yaya za su kare shi daga lalacewa.

Malam, Allah ya saka maka da alheri, kai da dattawan da kuke wannan tunani tare. Abin da kuke so zai yiwu, kuma kuɗin da zai ci bai kai yadda mutane ke tsoro ba, sai dai ina so ka riƙe abu guda tun daga farko, wato cewa nasarar wannan aiki da asararsa duka ana yanke su ne kafin a taɓa gadar. Na yi shekaru ina aikin duba gadoji da gyaransu a wannan yanki namu, kuma duk inda na ga irin wannan buri ya mutu, jinkiri ne ya kashe shi tun kafin tsatsa ta samu rabonta. Ranar da ɗan kwangila ya iso da masu yanka da wutar gas, lissafinsa na nauyin ƙarfe ne da yawan lodin mota, kuma cikin 'yan kwanaki abin da ya ɗauki mutane da dabbobi shekaru da dama zai koma tarin guntaye da babu mai iya cewa wanne ne ya fito daga ina.

Kafin mu shiga batun yanka da ɗauka, ya kamata ku fara tambayar hukuma ko dole ne a cire gadar. Ƙa'idar da masu adana gine-ginen tarihi suka amince da ita a birnin Banis na ƙasar Italiya a 1964 ta nuna cewa gini ba ya rabuwa da wurin da aka yi shi, kuma ba a raba shi da wurin sai idan cetonsa ko wata babbar maslaha ta ƙasa ko ta duniya ta tilasta hakan. Gadar da ba ta iya ɗaukar tirela tana iya ɗaukar masu tafiya a ƙasa da jakuna da raƙuma da garken shanu ranar kasuwa, kuma raba waɗannan da manyan motoci rahama ce ga kowa. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai lokacin da injiniyoyi ke da gaskiya idan suka ce a cire. Tsofaffin ginshiƙai kusa da sababbi suna matse hanyar ruwa, suna tare itatuwa da ciyayin da ambaliya ke kwasowa, ruwan kuma ya riƙa ƙwaƙule ƙasar da ke gindin sabuwar gadar. Duk wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a wajen Kwalkwalawa, ya san Rima ba kogin da ake yi wa ganganci ba ne. Ku nemi a ba ku dalilin cirewar a rubuce. Idan dalilin ya yi ƙarfi, mataki na biye shi ne a duba ko za a iya ɗauke tsani guda cikakke, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, a girke shi a tudu. An taɓa yin haka a ƙasar nan: gadar ƙafa ta Gwamna Lugga, mai tsawon kimanin mita 14, an yi ta ne a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka sake haɗa ta a lambun Ƙofar Gamji da ke Kaduna, aka kuma sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. A Faransa ma, da aka sauya gadar Pegasus a 1994, tsohuwar da aka gwabza yaƙi a kanta a 1944 an ajiye ta a gidan tarihi kusa da inda take a da. Sai idan wannan ya gagara ne ake komawa ga zaɓen sassa.

Daga nan sai takarda. Gadar tana da mai ita, ko dai ma'aikatar ayyuka ta tarayya idan hanyar ta tarayya ce, ko ta jiha, kuma sau da yawa yarjejeniyar kwangila ta riga ta faɗi wanda zai mallaki tsohon ƙarfen da aka cire. Ku rubuta wa mai gadar ta hannun uban ƙasarku da shugaban ƙaramar hukuma, ku ba da kwafi ga Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da kuma ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ta ikon neman shugaban ƙasa ya ayyana abu a matsayin kayan tarihin ƙasa. Abin da kuke nema shi ne umarni a rubuce zuwa ga ɗan kwangila, wanda ya ambaci sassan ɗaya bayan ɗaya. Ina nanata wannan ne domin na taɓa yin kuskuren dogara da alkawarin baki. A wani aiki da na yi shekarun baya mun roƙi a bar mana mahaɗi guda na wata tsohuwar gada, aka amsa mana da fara'a, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare. Ranar da aka zo yankan ina wani wurin, masu gas suka ratsa ta tsakiyar farantin da ya haɗa ƙarafan, domin a nan ne hannunsu ya fi kaiwa. Rabin da ya saura aka jefar da shi a ƙasa a harabar wani ofis, damina biyu ta wuce a kansa, daga baya na koma ban same shi ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin takarda guda da fenti na alama sun isa su hana faruwar haka.

Yayin da takarda ke tafiya, ku fara rubuta gadar tun tana tsaye. A ɗauki hotonta daga kowace kusurwa, daga sama da ƙasa da cikin kwale-kwale, a auna tsawonta da faɗinta da tazarar ginshiƙanta, a zana ta a babbar takarda, sannan a ba kowane sashe lamba a zanen, a kuma rubuta lambar a jikin ƙarfen da fenti tare da ɗaura masa alamar gwangwani da waya. Tun ran gini ran zane. Lokacin da wani attajirin Amurka ya sayi gadar Landan ta 1831 a kan dala 2,460,000 a 1968, sai da aka sa wa duwatsunta lambobi kafin a kwashe su zuwa jihar Arizona, inda aka buɗe ta a 1971. Duk da haka, abin da ke can duwatsun fuska ne aka manna a jikin sabon kankare, kuma a ganina wannan ya nuna iyakar abin da kuɗi ke iya ɗaukowa idan aka raba gada da koginta. Ku tura ɗalibi mai haƙuri ya bincika fayilolin Lardin Sakkwato a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, domin rahotannin ayyukan hanyoyi na zamanin Turawa suna can. Mafi gaggawa kuwa shi ne tsofaffin garin, waɗanda suka ga ginin ko suka ji daga bakin iyayensu. A naɗi muryoyinsu a wannan watan, domin ƙarfen zai jira, su kuwa lokacinsu yana hannun Allah.

Yanzu ga batun da na fi so mu daɗe a kansa, wato abin da za a zaɓa. Yawancin kwamitoci suna neman ƙarfen da ya fi tsawo da kyan gani, su shafa masa fenti su kwantar da shi a gaban sakatariya. Wannan shi ne zaɓin da ya fi rauni, domin dogon ƙarfe shi kaɗai ba ya gaya wa yaro komai, kamar yadda azara guda da aka zare daga soro ba ta nuna yadda maginanmu ke ɗaure bakan gizo ko ɗaurin guga. Hikimar gada tana a mahaɗanta. Ku nemi wurin da ƙarafa huɗu ko biyar suka taru a kan faranti guda, na tsaye da na kwance da na karkace, a yanko shi da ragowar kamar mita ɗaya a kowane reshe. Wanda ya tsaya gaban wannan zai gane da idonsa cewa wani ƙarfen ja yake yi, wani kuma tokarewa, kuma nauyin mota yana bi ta cikinsu ne ya sauka a ginshiƙi. Muhimmancin wannan faranti ba ƙarami ba ne: gadar da ta rufta a birnin Miniyafolis na Amurka ranar 1 ga Agustan 2007, inda mutum 13 suka rasu, binciken hukuma ya gano cewa irin waɗannan farantan ne aka yi su da kauri ƙasa da yadda ya kamata tun daga zane.

A jikin mahaɗin ne kuma za a ga ƙusoshin nan masu kumburarren kai da ka ambata, waɗanda makanikai ke kira ribit. Ana gasa ƙusar a wuta har ta yi jawur, a zura ta cikin hudar da ta ratsa ƙarafan, mutum ɗaya ya tokare kanta ta baya, wani ya doke ɗaya bakin da guduma har ya zama kai na biyu, idan ta huce sai ta tsuke ta matse ƙarafan matsewar da hannu ba zai iya ba. Walda da manyan notuna sun kori wannan sana'a daga aikin gada, saboda haka kowace ƙusa shaida ce ta wani aiki da ba a yin sa yanzu, kuma duk maƙerin da ya gan ta zai gane 'yar'uwar sana'arsa ce. Zan ba da shawarar a yanka ƙusa guda tare da farantinta a tsaye da zarto, a goge fuskar, domin mutane su ga yadda ta cika hudar. A gadar Golden Gate ta Amurka, daga cikin abin da ake nuna wa masu ziyara akwai gutsuren igiyar ƙarfen da aka yanka, inda ake ganin wayoyi 27,572 da ke cikinta. Gani ya kori ji.

Bayan mahaɗi, ku nemi matashin ƙarfe, wato abin da gadar ke zaune a kai a saman ginshiƙi, na ɓangaren da aka ɗaure da na ɓangaren da aka sake domin ta miƙe da zafi ta tsuke da sanyi. Ku bi jikin ƙarafan da tocila ku nemi sunan masana'anta, domin masana'antun Ingila irin su Dorman Long suna fitar da sunansu a jikin ƙarfen tun wajen murza shi, kuma idan akwai allon da ke ɗauke da shekara, to shi ne abu na farko da za a cire a kulle, tun da shi ne abu na farko da ake sacewa. Tarihi ma yana taimaka wajen gane irin ƙarfen. Turawa sun shiga Sakkwato ne a watan Maris na 1903, lokacin da sitil ya riga ya maye gurbin ƙarfen zubi mai saurin karyewa a aikin manyan gadoji, saboda haka kusan tabbas naku sitil ne, wanda ya fi jure ɗauka da saukewa. Layin dogo kuma bai taɓa isowa Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, don haka gajartar kowane ƙarfe a gadarku tana da alaƙa da abin da za a iya jawowa ta hanyar ƙasa a wancan lokacin, kuma wannan labari ne da ya cancanci a ba yara. Kada ku ƙi sashen da ya ji rauni. Ƙarfen da mota ta lanƙwasa, ko wanda ambaliya ta bar wa tabo, ko makarin gefe da tafin hannun mutane ya goge har ya yi santsi, duk sun fi sabon fenti faɗin gaskiya. Ginshiƙan kankare kuwa ku bar maganar ɗaukarsu, domin kowace mita guda ta tsawo da faɗi da tsayi tana kai kimanin tan 2.4. Ku roƙi a bar wanda ke bakin gaɓa a inda yake, idan ba ya tare ruwa, ya zama alamar inda gadar ta tsaya.

Wajen kwancewa, dole injiniya ya tsaya a kai, domin ƙarfen da ke cikin gada yana ɗauke da nauyi ko babu mota a kanta, kuma idan aka yanke wanda bai kamata a fara da shi ba yana iya fizgewa ya kashe mutum. Inda za a raba sashen da kuke so, hanyar da ta fi ita ce a huda ƙusoshin da injin huda a fitar da su ɗaya-ɗaya. Idan dole sai an yi amfani da gas, a yanka nesa da mahaɗin da kamar santimita 30 fiye da inda ake buƙata, daga baya a daidaita bakin da zarto, domin wuta tana ƙona fenti tana kuma sauya ƙarfen da ke kusa da ita. A ɗaga da ƙugiya da majanyun ɗaukar kaya masu faɗi maimakon sarƙa tsirara, kuma a lissafa nauyin tun da wuri, a san motar da za ta ɗauka da inda za a sauke, kada sashen ya kwana ko dare ɗaya a bakin hanya.

Akwai haɗari guda da nake roƙonka ka ɗauka da matuƙar muhimmanci. Tsofaffin gadojin ƙarfe galibi an fara shafe su ne da jan fenti mai ɗauke da dalma, saboda yana hana tsatsa sosai. Mu a wannan yanki mun san abin da dalma ke yi, domin a 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ta hanyar ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ku ɗauka cewa fentin gadarku yana da dalma har sai gwaji ya nuna akasin haka. Kada a kankare shi a bushe, kada a ƙona shi, kada a yi masa feshin yashi a fili inda iska za ta kwashi ƙurar zuwa gidaje da rijiyoyi da fadamu. A jiƙa wurin kafin a goge, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, ma'aikata su rufe hanci da abin rufewa na gaske su kuma bar tufafin aikin a wurin, a tattara tarkacen a ganga a miƙa wa hukumar muhalli. Fentin da ya kama jiki da kyau a bar shi a rufe shi da sabo, wanda hakan ya fi aminci ga yaran da za su riƙa taɓawa.

Game da tsatsa, yanayinmu yana taimakonmu fiye da yadda ake zato. Ƙarfe yana saurin tsatsa ne idan laimar iska ta haura kimanin kashi 60 cikin 100, mu kuwa muna samun haka ne a watannin damina kawai, yayin da a hunturu iska ke bushewa ƙayau. Abin da ke cinye ƙarfe a nan shi ne ruwan da ya kwanta a lungu, da ƙurar hunturu da ta taru a kusurwa ta sha ruwan farko ta zama laka mai riƙe danshi, da kashin tsuntsaye da fitsarin dabbobi masu ɗauke da gishiri. Wurin da ya fi haɗari shi ne tsakanin faranti biyu da suka haɗu, domin tsatsa tana cin wuri ninki-ninki fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta riƙa buɗa farantan har ta tsinke kan ƙusa. Saboda haka gyaran da ya dace mai sauƙi ne: a wanke da ruwa mai daɗi, a cire tsatsar da ke ɓarewa da burushin waya tun yana jiƙe, a bar shi ya bushe sarai a rana, a shafa fentin share fage mai hana tsatsa, sannan a bi da shafi biyu na sama, a cusa shi sosai cikin lunguna. Kada a goge ƙarfen har ya yi ƙyalli kamar sabo, kada a cike ramukan tsatsa da walda, kuma kada a shafa masa baƙin mai, wanda ke kama ƙura ya ɓata tufafin masu ziyara ba tare da ya kare komai ba. Kafin a zaɓi launi, a ɓanɓaro ɗan gutsuren tsohon fentin daga lungun da rana ba ta kaiwa a duba shi shafi-shafi. Haka aka yi wa gadar ƙarfen zubi ta 1779 da ke Ingila a gyaran da aka kammala a 2018, aka gano asalin launinta ja ne mai duhu, aka mayar mata da shi bayan shekaru tana sanye da toka-toka. Ƙananan abubuwa irin su allon shekara da yankakkiyar ƙusa a ajiye su a cikin ɗaki cikin akwatin gilashi, a shafa musu siririn kaki maimakon fenti.

Wurin ajiyewa kuwa, ra'ayina shi ne a tsaya kusa da kogin, inda mai kallo zai ɗaga kai ya ga ruwan da sabuwar gadar, amma a tudun da ya fi inda ambaliyar 2010 ta kai, kuma dattawan garin sun san wannan iyaka sarai. A yi dakali na kankare mai tsayin kamar rabin mita, samansa ya ɗan gangara domin ruwa ya zurare, a ɗora sashen a kan ƙananan ƙafafu yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa. Kada a binne ƙafar ƙarfen cikin siminti, domin daidai inda ƙarfe ya shiga kankare nan ne ruwa ke maƙalewa ya ci shi. A girke shi a tsaye yadda yake a jikin gadar, sama a sama, gefen da ke fuskantar ruwa ya fuskanci ruwa. Idan sashen dogo ne a ɗaure gefe ɗaya a sassauta ɗayan, domin ƙarfe mai mita 6 yana iya miƙewa kusan milimita 4 tsakanin sanyin asubahin Janairu da ranar Afrilu, kuma wannan ya isa ya tsaga dakali. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe tana da amfani biyu, tana tare ruwa, tana kuma hana ƙarfen yin zafin da zai ƙona hannun yaro a bazara. Ku sani yara za su hau, don haka a goge duk bakin da ke da kaifi, a tabbata babu abin da zai iya kifewa, a kuma yi ɗan shinge da zai hana awaki shiga.

Sai maganar 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, wadda ba a kauce mata. Mafi yawansu masu neman halali ne, amma ƙarfen da ya kai tan guda a wurin da babu kowa jarraba ce ga ɓata-gari. Makulli da notunan da aka toshe kansu suna rage haɗarin, sai dai tsaron da ya fi shi ne idon jama'a. Wurin da ke kusa da masallaci ko makaranta ko tashar mota, inda mai shayi ke kaiwa dare, ya fi kowane fili mai katanga da babu mai zama. Ku sa maƙeran garin cikin kwamitin tun daga farko, ku kuma nemi shawarar na unguwar Maƙera Assada a Sakkwato, domin sun san ƙarfe, sun san masu sayensa, kuma idan suka ɗauki abin a matsayin nasu da wuya wani gutsure ya shiga kasuwa ba su ji ba.

Rubutun da za a kafa a wurin ya zama da Hausa, a boko da ajami, sannan Turanci ya biyo baya, a kuma haɗa da hoton gadar tana tsaye tare da alama a daidai inda aka ciro sashen. A faɗi gaskiya game da abin da yake na asali da abin da aka ƙara. A birnin Mostar na ƙasar Bosniya, gadar dutse da Daular Usmaniyya ta gina a 1566 ta rushe a yaƙin 1993, an tsamo duwatsunta daga kogi, amma da aka ga yawancinsu ba za su sake ɗaukar nauyi ba sai aka sassaƙa sababbi daga irin dutsen yankin, aka buɗe ta a 2004, kuma ba a ɓoye wa kowa cewa sake ginawa aka yi ba. Haka nan kada labarin ya tsaya a kan Bature da masana'antarsa. A ambaci talakawan da suka haƙa ramukan ginshiƙai suka ɗauki duwatsu a ka, har da batun aikin tilas idan tsofaffi sun tabbatar da shi, a ambaci masu fito da Sarkin Ruwa waɗanda gadar ta sauya musu rayuwa, da kayan da suka riƙa ratsa ta zuwa kasuwa. Idan wani ya nuna damuwa cewa ana girmama ƙarfe, a bayyana masa cikin ladabi cewa shaida ake ajiyewa domin ilimi, kamar yadda ake kula da ganuwar Surame, kuma Allah Maɗaukaki ya ambaci ƙarfe a aya ta 25 ta Suratul Hadid da cewa a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da amfani ga mutane.

Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙa kula. A rubuta sunan ofishi ko makarantar da aka damƙa wa amanar a cikin takardar miƙawa, a ware ɗan abin da za a kashe duk shekara, a kuma buɗe littafi. Sau biyu a shekara ya wadatar: a watan Mayu kafin ruwa ya sauka a share ƙurar hunturu daga kowane lungu a buɗe hanyoyin ruwan dakalin, a watan Oktoba kuma bayan ɗaukewar ruwa a duba inda fenti ya fashe a taɓa shi nan take, a ɗauki hoto daga kusurwoyin da aka saba a liƙa a littafin tare da kwanan wata da irin fentin da aka shafa. Tun da kai malamin makaranta ne, ina ganin ɗaliban ajin ƙarshe za su iya riƙe wannan littafi a ƙarƙashin kulawarka, amma shara da duba kawai za su yi, duk aikin da ya shafi kankare tsohon fenti a bar wa manya masu kayan kariya.